Ƙunshin Gwaggo Marka

Duk wanda ya san Ikilima a Gwarzo da abu biyu ya san ta: koyar da kwamfuta a makarantar 'yan mata, da kuma Kurege. Kuregen nan ba na daji ba ne. Manhaja ce da ta rubuta da hannunta ta raɗa mata wannan suna, aikinta buga wasan ces, darar nan ta Turawa mai sarki da doki. Shekaru ta yi tana ƙera shi a kan wata tsohuwar kwamfuta da batirinta ya daɗe da mutuwa, sai an jona ta da sola take buɗe ido. Ranar da hadari ya rufe rana, Kurege ma ya tafi hutu. Mijinta Abdulwahab, malamin Islamiyya kuma manomi, yakan ce shi dai bai taɓa ganin mace tana yi wa na'ura faɗa a kan doki ba sai a gidansa.

To, Kurege ya yi ta kayar da manhajojin mutane a intanet har labarinsa ya kai kunnen masu shirya wata gasa a Turai, inda kwamfuta ke karawa da kwamfuta. Suka gayyaci Ikilima da mutum ɗaya da za ta zo da shi, suka ɗauki nauyin jirgi da masauki. Sai dai suna da doka, ba a aika musu manhaja daga nesa. Dole wanda ya rubuta ta ya zo da ƙafarsa ya zauna gaban allon wasa, manhaja ta faɗi inda za a matsa, shi kuma ya sa hannu ya matsar. In Ikilima ba ta je ba, Kurege bai je ba, magana ta ƙare.

Daga nan fa aka shiga zirga-zirga. Fasfo kaɗai sai da suka haddace ramukan hanyar Kano. Aka nemo takardar makaranta, aka nemo ta banki. Surukinta Malam Uwaisu ya jawo littattafansa ya yi nasa binciken a kan hukuncin wasan, daga baya ya ce tunda babu caca a ciki, kuma ga miji yana biye, Allah ya kiyaye hanya. Abu ɗaya ya rage, su je Abuja ofishin biza a ɗauki hoton yatsunsu. Aka ba su ranar Talata, a cikin dogon hutun damina.

Sai bikin Lailatu ya faɗo a ƙarshen mako, 'yan kwanaki kafin wannan Talata. Lailatu 'yar Gwaggo Marka ce ta Kabo, ita kuwa Gwaggo Marka ita ta riƙe Ikilima tun mahaifiyarta ta rasu ta bar ta tana rarrafe. Riƙo kuwa na gata, wanda har 'ya'yan cikinta suke ƙorafi. Tun ranar da wani malamin firamare ya ce yarinyar nan kanta yana ja, Gwaggo ta cire ta daga layin wanki da wanke-wanke, ta ce wannan hannun na biro ne. Ikilima ta girma, ta yi aure, har yanzu in ta je Kabo ta ɗauki soso sai Gwaggo ta fizge.

Gwaggo Marka kuma ita ce mai ƙunshin Kabo, ba da wasa ba. Lallenta a bayan gida take shuka shi, ita ke shanyawa, ita ke dakawa, abin da take zubawa a kwaɓin kuwa ko Lailatu ba ta sani ba. Nata irin na da ne, a dumbuza lalle ya rufe tafin hannu da yatsu gaba ɗaya, a naɗe da tsumma, a zauna a yi haƙuri. 'Yan zamani masu yanka salatif suna liƙa wa mutum a hannu don su fitar da zane, in aka yi zancensu sai ta taɓe baki ta ce wannan ai ba ƙunshi ba ne, gyaran yagaggen littafi ne. Ta sha faɗa a gaban mata cewa har ta koma ga Allah hannunta ba zai taɓa salatif ba.

Ranar ƙunshin amarya tsakar gida ta cika da mata, kowa ta miƙe ƙafa a tabarma. Ikilima tana gefe tana danna waya, Gwaggo ta hango ta.

"Zo nan, 'yar Turai. Na ji an ce da hannu za ki riƙa matsar musu da 'ya'yan darar, ana ɗauka a hoto duniya tana kallo?"

"Haka ne, Gwaggo."

"Da wane hannun? Wannan fari fat kamar na mai takaba, ga mijinki da ransa? So kike su ce ba ki da kowa a gida?"

Ikilima ta yi dariya. "Gwaggo, tafiyar ai da saura. Kafin lokacin ya goge."

Da ta san abin da wannan magana za ta jawo, da ta haɗiye ta. Gwaggo ta ajiye kwanon hannunta, ta dube ta sama da ƙasa. "Nawa ne zai goge? Zauna."

Ta shiga ɗaki ta fito da wani kwaɓi daban wanda ko amarya ba ta samu ba. Ta ƙunsa mata tun hantsi, ba ta kwance ba sai bayan la'asar. Washegari ta sake zaunar da ita ta maimaita. Da aka wanke, mata suka zagaye hannun suna salati. Ja ne da ya nuna har ya koma kusan baƙi, tun daga wuyan hannu har kan yatsu, ko'ina ya ci. Ita kanta Ikilima sai da ta yi ta juya hannun tana jin daɗi, ta ɗauki hoto ta tura wa Abdulwahab. Babu wanda ya kawo komai a ransa, ita da ta yi karatun, da mijinta, da matan da ke guɗa.

A ofishin biza Abdulwahab aka fara kira. Shi da ya yi shekara yana kallon allon ces bai riƙe tafiyar doki ba, ya ɗora yatsunsa masu kanta a kan gilashin na'ura, nan take ta kawo koriyar wuta. Ya koma ya zauna yana gyara hula. Ikilima ta matso ta miƙa nata. Ma'aikaciyar, wata mata mai tabarau da Hausarta ta 'yan Jos, ta kalli hannun ta ce ya yi kyau, sannan ta kama yatsun. Ta ɗora, jar wuta. Ta goge gilashi ta sake ɗorawa, jar wuta. Ta gwada ɗaya hannun, ta danna, ta sassauta, duk ɗaya.

"Hajiya, lallen nan ya rufe zanen yatsunki, na'ura ba ta ganin komai. Sai ya fita za ki dawo."

"Yaushe?"

Matar ta duba kwamfutarta ta ce akwai gurbi ɗaya ranar Alhamis ta makon jibi. In wannan ya wuce, na gaba ya yi nisan da ko an ɗauka bizar ba za ta fito kafin gasar ba. Ta ƙara da cewa kada ta kuskura ta kankare da dutse ko ta zuba wani abu mai cin fata, don yatsa mai ciwo ma ba sa ɗauka.

Ikilima ba ta san yadda ta fito daga ginin ba. A tasha, kafin mota ta cika, wayarta ta yi ƙara. Gwaggo ce, murya cike da fara'a, tana tambaya ko mutanen Abuja sun ga hannu.

"Sun gani, Gwaggo. Sun koro ni saboda shi. Shekarun da na yi ina wahala, kin rushe min su da kwano ɗaya."

Sai aka kashe wayar daga can. Abdulwahab ya yi mata wani kallo da ya fi mata faɗa ciwo. Tun kafin su fita Abuja ta fara kuka, rabi na biza, rabi na abin da bakinta ya furta wa matar da ta goya ta.

A Gwarzo kowa ya zama likitan lalle. Wannan ta ce lemun tsami, waccan ta ce toka, wata ta rantse da man goge baki. Ikilima ta gwada duka, hannu yana nan yadda yake, in ma ba ƙara sheƙi ya yi ba. Wata maƙwabciya ta kawo ruwan bilic a kwalba, Abdulwahab ya karɓa ya yi godiya ya kai bayan gida ya zubar. Kwamfuta kuwa ta rufe ta ta tura ƙarƙashin gado, don ko sunan Kurege ba ta son ji. Ta kira Gwaggo ya fi a ƙirga, ba a ɗauka ba.

Ranar Juma'a da safe tana zaune a ƙofar ɗaki ta zuba wa yatsunta ido, sai ta ji sallama. Gwaggo Marka ce, da mayafinta da jakar leda, ta taho tun daga Kabo a motar farko. Ikilima ta zube ƙasa ta fara ba da haƙuri, Gwaggo ta ɗaga mata hannu.

"Ajiye wannan, ba shi ya kawo ni ba. Mu ga."

Ta kama hannun ta juya shi, ta kai shi hasken rana. Wallahi duk da halin da ake ciki sai da wani ɗan alfahari ya gilma a fuskarta, don ƙunshin ya yi yadda ta so. Sannan ta saki ajiyar zuciya.

"Na'urar tasu ce makauniya, amma ba da ita zan yi rigima ba. Ni na sa shi don ya kai ki can, ashe shi zai tare ki. Kowace mace ta san abin da ke cinye lalle, ruwa ne da sabulu. Matan da ke wuni a bakin baho su ne kullum suke dawo min da ƙorafi. Ɗauko kayanki, Kabo za mu."

Abdulwahab ya ce Allah ya ba da sa'a, ya raka su bakin titi.

Abin da ya faru a Kabo a kwanakin nan har yanzu mata suna ba da labarinsa. Gwaggo ta kafa manyan bahuna a tsakar gida, ta fito da labulaye da zannuwan gado da duk tsumman da biki ya ɓata. Ikilima ta durƙusa ta fara cuɗawa. Kafin azahar bayanta ya riƙe, kafin la'asar ta gane cewa duk shekarun nan Lailatu tana da gaskiya da take cewa an cuce su. Da kayan gida suka ƙare, Gwaggo da kanta ta bi maƙwabta gida-gida tana cewa duk mai wanki ta kawo, kyauta ne. Ai kuwa suka kawo. Wata har da kayan makarantar 'ya'yanta da bargon da tun sanyin bara bai ga ruwa ba. Igiyoyi suka cika, aka koma shanya a katanga, hadari ya taso a kwashe da gudu, ya wuce a mayar.

Matan sukan tsaya su sha kallo. Malama guda, mai koya wa kwamfuta dara, ga ta da ɗaurin ƙirji a kan riga tana dirzar wandon wani yaro.

"Marka, yau 'yar gatan ce a baho? Me ta yi miki?"

"Ni na yi mata," in ji Gwaggo, ba ta ko ɗago ba.

Ita ke jan ruwa a rijiya, ita ke ɗauraya, ita ke shanya, amma cuɗa ko ta hankici ba ta taya ta. Tana zaune a kujera 'yar tsugunne tana kallon hannun da ta hana taɓa soso tun yana ƙarami, yanzu yana jiƙe cikin kumfa tun safe. Sau ɗaya Ikilima ta ɗago ta ga Gwaggo ta juya baya tana share ido da bakin zane. Ta yi kamar ba ta gani ba, ta ci gaba da cuɗa, amma tausayin tsohuwar ya cika mata zuciya har ta manta da ciwon bayanta.

Kowace yamma Gwaggo takan kama yatsun ta duba. Da farko babu abin da ya motsa, Ikilima ta fara cire rai. Sai baƙin ya fara sakin jiki ya koma ja, jan ya koma ruwan goro, ruwan goron ya dushe. Tafin hannu ya riƙe nasa, amma kan yatsu, inda ke shan cuɗa, ya yi ta washewa. Ranar da Gwaggo ta ga zanen babban yatsa ya fito, ta ce alhamdulillahi, sannan ta tsaya kamar mai mamakin kanta.

"Ikon Allah. Wai ni Marka nake murna ƙunshina ya zube."

Ana saura kwana biyu ta kifar da bahunan ta ce wanki ya ƙare, kada fata ta yamutse su sami wani abin faɗa. Ta zaunar da ita tana murza mata man kaɗanya yatsa bayan yatsa, ta hana ta taɓa ko kofin ruwa. Ikilima ta sake buɗe baki za ta nemi gafarar maganar tasha, Gwaggo ta ce ta ji, ta yafe, kada ta ƙara tayar da zancen.

Alhamis ta same su a Abuja. Matar mai tabarau ta gane ta tun daga layi, ta kama hannun ta duba, ta ce to, mu gwada. Yatsu huɗu na dama, koriyar wuta. Huɗu na hagu, koriya. Aka zo manyan yatsu, sai ja. Abdulwahab daga kan benci ya daina jan carbi. Matar ta goge gilashin, ta ce ta ɗan hura wa yatsun iska ta sassauta, ba faɗa ake yi ba. Ta ɗora a hankali, ta runtse ido, ba ta buɗe ba sai da ta ji matar ta ce shi ke nan, an gama, ta je ta jira saƙo.

A bakin ƙofa ta zauna a kan dakali. Wani sanyi ya ratsa ta tun daga kai har ƙafa, ta ji kamar an sauke mata buhu. Ta yi dariya, ta yi hawaye, sannan ta kira Kabo. Ƙara ɗaya aka ɗauka.

"Ta gani?"

"Ta gani, Gwaggo. Duka goman."

Sai da Gwaggo ta jero hamdala ta ƙoshi, sannan ta rage murya. "To saurara. Kada ki gaya wa kowa a Kabo cewa ƙunshina ya fita da wuri haka."

"Gwaggo, ai rabin Kabo ni na yi musu wanki."

"Duk da haka."

Biza ta fito lafiya, tata da ta Abdulwahab. Kurege ya fito daga ƙarƙashin gado, aka samo wa kwamfutar sabon batir don kada ta ba da kunya a gaban baƙi. Ana jibi tafiya, gida ya cika da 'yan sallama, sai ga Gwaggo Marka ta shigo da kwano a rufe da faifai. Tun daga ƙofa Ikilima ta ji ƙamshin lalle. Ba ta san lokacin da ta tura hannayenta cikin hijabi ba.

"Gwaggo, an ce in mun sauka a can ma sai sun sake ɗora yatsun a na'ura."

"Na sani. Na sa Lailatu ta tambayo min. Amma 'yata ba za ta zauna gaban duniya da hannun takaba ba." Ta shimfiɗa tabarma ta zauna, ta buɗe jakar ledarta tana lalube. Abin da ta fito da shi ya sa matan tsakar gidan suka zaro ido. Salatif ne, sabo fil, ko farkonsa ba a ɓare ba.

"Duk wadda ta yi dariya sai na ci mutuncinta," in ji Gwaggo, ba ta kalli kowa ba.

Babu wadda ta yi. Ikilima ta tsaya tana kallon kwanon, tana tuna jar wutar nan da bahunan Kabo, tsoro bai gama sakinta ba. Sannan ta kalli tsohuwar tana ta kokawa da salatif, ta kasa gano bakinsa, ya manne mata a yatsa tana yarfewa. Ta fito da hannayenta ta durƙusa ta ɗora su a cinyar Gwaggo.

Gwaggo ta bi kan yatsun ɗaya bayan ɗaya tana naɗewa, ta ninka, ta sake ninkawa, ta danne gefe da farce don kada ko ɗigo ya shiga. Sai da ta gamsu sannan ta ɗebo lalle ta rufe sauran hannun.

Bayan la'asar aka kwance aka wanke, aka ɓare salatif. Hannu ya yi jawur har wuya, kan yatsu goma kuwa fari tas. Gwaggo ta ɗaga shi a hasken rana ta daɗe tana dubawa, ta taɓe baki.

"Tunda nake ban taɓa yin mummunan ƙunshi irin wannan ba," ta ce. Ba ta saki hannun ba. "Je ki ki matsar musu da dokin."